Kalan Gyaɗa

"Kwance zanin mu gani!" in ji uwar mai jego, ana tsakiyar suna. Ludayin ƙarfe ne ya ɓata, sabo. Mun kai mu talatin a tsakar gidan, amma mutum ɗaya aka zuba wa ido: maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ba gona.

Kala ne ya ja mata. Tun muna yara a Zandam, in mai gona ya cire gyaɗarsa ya kwashe, abin da ya rage a ƙasa na mai tono ne. Uwata ta yi, ni ma na yi. Sai wani Alhaji mai sayar da taki a Gwaram ya sayi gonar bayan gari. Ya tarar da ita tana tono, kwano ko cika bai yi ba, ya kai ta gaban mai unguwa wai ɓarauniya. Mai unguwa ya san kala sarai, amma ya ce ta ba da haƙuri. Ta durƙusa. Shi ke nan sunan ɓarauniya ya manne mata.

Alhajin nan kuwa, har kaji sun san yana gauraya taki da yashi. Mun zuba wa dawarmu, ta fito kamar mai ciwon shawara. Nasa ba sata ba ne, wai iya kasuwa ne. Matarsa na nan wurin sunan a kan sabuwar tabarma, ana ta "Hajiya, a ƙaro miya?"

Maƙwabciyata ta ce, "Haba Inna, ni da na daka muku gero tun safe?"

"Mun gode da daka. Kwance!"

Wata ta ce, "A duba da kyau, ko gyaɗa ma a samu." Aka kwashe da dariya.

Ta juyo ta kalle ni. "Yaya, ki gaya musu mana."

Shekara ashirin katanga ɗaya. In zan je Birnin Kudu asibiti, ita nake bar wa makullin ɗakina, har ɗaya ya zauna a wurinta, ko allura ban taɓa rasawa ba. Ni da duk unguwa ake tsoron bakina, sai na ji na ce, "Ki kwance kawai a huta." Tir da ni.

Ta kwance. Abin da ya faɗo, ɓarin goro ne da carbi. Ta ɗaura, ta fita ko takalmi ba ta ɗauka ba.

Da aka juye tukunyar kunu, sai ga ludayi a ƙasa. Uwar mai jego ta ce, "Au, ga shi," ta ɗauraye abinta. Hajiya ta ce, "To, wannan karon dai ba ita ba ce."

Bayan kwana uku surukinta ya zo da amalanke daga Maruta, ya ɗaure 'yan kayanta. Na fito da takalminta a hannu. Ta karɓa, ta miƙo mini makullina, ba ta kalle ni ba.