Turmin da Ba Hatsi a Ciki

Kakarmu Iya Delu ba ta ba da tatsuniya kyauta. Da kaka, in an kawo gyaɗa gida, bayan magariba za ta hura wuta a tsakar gida, ta dire mana kwando, ta ce, "Hannu na ɓara, ni ina magana. In na ga baki na motsi, na yi shiru." Mukan ci a ɓoye, ita ma ta sani. Ƙauyenmu na gefen Tsanyawa, gida kusa da gida, har yaran maƙwabta kan tsallako danga su zauna.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani maigida mai babban gandu. 'Ya'yansa huɗu, kowa da sashensa, amma noma tare ake yi, hatsi kuma rumbu ɗaya yake shiga. Duk Juma'a sai ya fitar da dami ya bai wa kowane ɗa, ya koma zaure ya kishingiɗa. A sashen babban ɗan akwai Tabawa, matar ƙaninsa da ya rasu, da yara uku. Rabonta kullum a hanya yake maƙalewa. Ta tambayi babban, ya ce abin da Baba ke bayarwa ba ya isa. Ta je wurin maigida, ya ce shi ya riga ya bayar, ba ya shiga harkar sashe.

A nan Iya kan tsaya ta zuba mana ido. "To, wa ya yi ƙarya? Babu! Kowa ya faɗi gaskiyarsa, yara kuwa da ruwa suka kwana."

Ranar kasuwa da hantsi Tabawa ta mirgino turminta har ƙofar zaure, ta kama daka, ba ko ƙwaya a ciki. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarar turmi wayam. Masu wucewa suka tsaya cirko-cirko. Maigida ya fito a guje yana cewa za ta tona musu asiri. Ta ce, "Baba, ni ma na noma gandun nan." Tun daga ranar bai daina bai wa 'ya'yansa dami ba, amma kullum da yamma sai ya bi sashe-sashe yana ɗaga murfin tukunya.

Na ce da Iya ai da ƙwace rabon ya yi daga hannun 'ya'yan. Ta harare ni. "Shi daga zaure ya san wa ke goyo, wa ke jinya? Ɗan ne ya sani. Amma mai rumbu ba ya gama aiki da miƙawa."

Yau ni ce mai furfura. Ƙaramin asibitin ƙauyenmu ya daɗe ba unguwarzoma, alhali garin da ke bakin titi ba su taɓa rasawa ba. 'Yata Rabi na da cikin fari, wata takwas, ƙafafunta sun kumbura. Mun je ofishin lafiya na jiha a birni, aka ce abin da gwamnatin tarayya ke turowa ba ya isa. Wani baƙo ya zo daga tarayyar, ya ce ɗaukar ma'aikata aikin jiha ne. Wallahi raina ya ɓaci, ina kuma jin tsoro.

Ban ce tarayya ta zo ta zauna a ƙauyenmu ba, jiha ce ta san mu. Amma geronmu na cika motocin da ke tafiya ko'ina a ƙasar nan, don haka wanda ya tura, ya biyo ya ga inda abin ya tsaya.

Matan ƙauyen nan mun ɗauki hayar bas biyu, jibi za mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar ofishin nan har a ba mu unguwarzoma. Mijin Rabi ya ce a bar ta gida. Ita ta ce a'a, in naƙuda ta zo mata a gida ma ba kowa, gara ta zo mata a gaban masu ofishin.