Rumbun Inna a Jikin Ƙyalle

Ban taɓa mantawa da ranar da na ga tsohuwata ta sa farce ta kankari zane ta kai baki ba. Tunda kun ce in ba ku labarin abin da ya fi tsaya mani a rai cikin aikin tuƙi, to ku gyara zama, ku bar latsa wayoyin nan.

A lokacin ni ne direban anspeksiyon a Mayahi, wato ofishin da ke duba lakwal-lakwal, makarantun boko na ƙauyuka. Anspektar shi ne babba. Ƙarƙashinshi akwai konseye, malaman da ke shiga aji su ga yadda ake koyarwa. Ƙa'idar aikin ita ce, motarmu kat-kat ba ta motsawa sai da takardar misiyon da anspektar ya sa wa hannu, an rubuta garuruwan da za a je, an ba da gazuwal, wato man motar, daidai tafiyar. Ka ratse hanya don son ranka, kai da aikinka.

Konseyen da na fi ɗauka shi ne Mushe Salisu, wani dogo marar yawan magana; Mushe muke ce wa malaman lakwal. Cutarshi ɗaya ce: zane. Yana da ɗan akwati na launukan da ake jiƙawa da ruwa, da buroshi, da takardu masu kauri. Duk inda muka tsaya injin ya huce, sai ya tsiyayi ruwan bidona, wato jarkata, ya hau aiki. Farkon zanen da na gani, raƙumi ne wai, a bakin rijiyar kasuwa. Na ce, "Mushe, wannan akuyar me ya kumbura mata baya?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Bari dai, Malam Hamisu, a hankali ake shafa jikin mai tsiya." Ni kuwa haushina ruwan radiyeta da yake ƙarar mani.

Amma mutumin nan bai gaji ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Akuyar ta zama raƙumi. Rannan ya miƙo mani takarda, na ga gonar gero bayan an yi girbi, da wata mata ta ɗauko dami ta ba mu baya. Shi ba ya zana fuskar mutum, ya ce ya fi samun kwanciyar rai a haka. Amma wallahi daga yadda ta karkata kafaɗa na san dami ya yi mata nauyi. Tun daga nan na bar tsokanarshi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A shekarar ne Inna ta faɗi ta karye a ƙugu. Na ɗauko ta daga ƙauyenmu, can gefen Atantane, na kawo ta gidana. Ga kuma ciwon yana ya rufe mata idanu, sai dishi-dishi take gani. Likita ya ce kada a kuskura a sake bi da ita hanyar yashin nan. Ana cikin haka wata baƙuwa mai sakin baki ta ce mata ruwan ƙarshen damina ya kayar da rumbunta. Rumbun nan mahaifina, Allah ya jiƙanshi, shi ya gina shi da hannunshi. Na rantse mata yana nan tsaye, jinkar kawai iska ta yaye kuma an gyara. Na sa aka turo hoto a waya. Ta ce, "Me zan gani cikin wannan ɗan madubi? Kai dai ɗa ne, dole ka lallashe ni." Daga nan ta juya wa bango fuska. Tuwo a'a, kunu a'a, sai ruwa a kurɓa. Kullum na dawo aiki sai in tarar ta ƙara ramewa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye maku ba.

Mushe Salisu ya ga ba na magana a hanya, ya tambaya, na faɗa mashi. Da muka koma sai ya ja ni wurin anspektar. Anspektar ya saurara, ya ce, "Lakwal ɗin ƙauyen Hamisu yaushe rabon da a duba ta?" Mushe ya ce an jima. Anspektar ya ɗauki biro ya ƙara sunan garin a takarda, ya ce, "Ku fara shiga aji, sauran lokaci naku ne."

Muka je. Mushe ya gama da malamai, ya zauna kan turmi a tsakar gidanmu ya zana rumbun da launin ruwa. Ya yi kyau har maƙwabta suka taru. Na kawo wa Inna da murnata. Ta kai shi dab da ido, ta shafa, ta miƙo mani. Ta ce, "Takarda ce dai, sumul." Na kai wa Mushe labari. Ya ce, "Na yi wa mai ido zane. Yaushe za mu sake bi ta can?"

Ashe yana da launukan mai da ya saya ya ajiye, yana tsoron taɓa su. Su ba kamar na ruwa ba ne: masu kauri ne kamar man shanu, a kan ƙyalle ake sa su, kuma suna daɗewa ba su bushe ba. Da muka sake bi ta ƙauyen, na ga ya durƙusa gindin rumbun yana ɗibar jar ƙasa a leda. Na ce, "Mushe, gini za ka koma?" Ya ƙulle ledar ya sa a mota. A gida ya tankaɗe ta, ya kwaɓa da launin, ya riƙa ɗora ta da bakin wuƙa kamar mai yaɓe. Ya ɓata ƙyalle ya sake, ya ɓata ya sake. Ni kuwa ina ta matsa mashi, don Inna ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta.

Ranar da ya kawo, bayan la'asar ne. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ina wuni, ya jiki? Ga tsaraba daga gida." Uwargidana ta tallafe ta, muka ɗora ƙyallen a cinyarta. Ta fara bi da yatsu. Ta sami duwatsun da rumbun ke zaune a kai, ta hau cikinshi, ta kai ga jinka, tana jin layin ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙoli sai hannunta ya tsaya kan wani ɗan tudu. Ta ce, "Wa ya kifa kasko a nan?" Ni ban ma lura da wani kasko ba, alhali sau biyu na tsaya gaban rumbun. Mushe ya ce, "Haka na tarar da shi, Inna, bakinshi a ɓalle ta gefe guda." Ta ce, "Tanko ne. Duk garin shi kaɗai ke rufe jinka da kasko." Baba Tanko ƙanen mahaifina ne.

Sai ta sa farce ta kankari jikin rumbun. Na yi wuf zan riƙe hannunta, don na san wahalar da aka sha, Mushe ya dafa ni. Ta kai ɗan garin bisa harshe. Kun san al'adarmu: mai tafiya nesa kan ƙulle ƙasar garinsu, ya jiƙa ya sha don kada ruwan baƙon wuri ya ƙi shi. Ta daɗe tana mamular baki, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "Da ɗacin magani, amma ƙasarmu ce." Allah mai iko, ƙyalle da launi! Sai ta juya wajen uwargidana ta ce, "Ke Hajara, babu sauran fura a gidan nan?"

Inna ta ƙara shekaru tare da mu, zanen na rataye inda hannunta ke kaiwa. Yanzu yana ɗakina, da ɗan farin tabon da farcenta ya bari. Mushe Salisu ya yi nisa a zanen mai, har daga Tasawa da Maraɗi ake zuwa kallon aikinshi, amma da na ce ya cike tabon sai ya ƙi. Ya ce duk abin da ya zana, nan ne kawai wurin da ya tabbata ya yi daidai.

Na yi shekaru ina bin hanyoyin nan, abin da nake gani rami ne da yashi da allurar gazuwal. Mutumin da ke zaune gefena ya ga kaskon da ke kan rumbun ubana, ni ɗan gida ban gan shi ba. Don haka idan wanda kuka ɗauko ya ce ku ɗan tsaya yana son ya duba wani abu, kada ku yi tsaki irin nawa. Ku kashe injin, ku miƙa mashi bidon ruwan.