Gilbert Mai Tare Iska

"Wancan ba shi ne kullum a gaba ba?"

"Shi ne. Amma ka taɓa ganinsa da kofin gasa?"

"To gaban me yake yi?"

Gilbert yana ɗaure takalmi kusa da teburin mai shayi a Tumfure, ya ji su sarai, bai ɗago ba. Ya saba. Kowace safiya mutane na ganinsa a gaban 'yan tseren keke a hanyar Bauchi, ranar gasa kuma sai su ji an kira sunan wani.

Mutumin Kaltungo ne. A tuddan can ya koyi taka feda, yana kai buhun gyaɗar mahaifiyarsa kasuwa a kan tsohon keken babansa. Da ya samu aikin masinja a Gombe, ya ƙi hawa Keke Napep. Daga Tumfure har ofis, ƙafarsa ce injinsa. A hanyar nan kocin ƙungiyar tsere ya gano shi, ya ba shi aikin da ba a yi wa tafi: ya shiga gaba ya tare iska da ƙirjinsa, gwanin ƙungiya ya laɓe a bayansa yana tara ƙarfi. Da an hango layin ƙarshe sai Gilbert ya kauce, gwani ya wuce. Haka ya yi wa Ɗantala har Ɗantala ya ajiye keke. Haka yake yi wa Bilyaminu na unguwar Malam Inna yanzu.

Matarsa Jummy takan shafa masa man zafi a gwiwa tana yi masa tsiya.

"Baban Hilda, kai ka sha iska, wani ya sha hoto."

"Aiki ne."

"Aikin ne ya cinye gwiwar nan. Likita ya ce daga bana ka sauka, ko ka manta?"

Bai manta ba. Gasar jiha ta ranar Asabar ita ce tserensa na ƙarshe, kuma a kan tudu za ta ƙare, tudu irin na gida. Tunda yake, bai taɓa tsallake layi a gaban kowa ba. A ƙungiyarsu kuwa mai tare iska ba ya neman a tare masa, ba a taɓa yi ba. Ya samu koci da maganar, koci ya sosa ƙeya ya ce, "Ku daidaita da gwaninka."

Yana nan wurin mai shayin, sai ga Bilyaminu ya ja birki a gabansa yana dariya.

"Yaya Gilbert, katangata! Asabar dai kamar kullum ko?"

Gilbert ya gama ɗaurin takalmin, ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Masu shan shayi suka juyo suna kallonsu. Bai rage murya ba.

"Bilyaminu, ranar Asabar ka shiga gabana. Ka tare min iskar nan har gindin tudu, sauran ka bar min."