Saniyar Gajere da Batirin Kawu Ilu

Ranar wata Asabar da hantsi, cikin kakar shekarar da na shiga aji shida na firamare, Kawu Ilu ya buɗe bakin a-kori-kurarsa a ƙofar gidanmu da ke Daura, ya kwance batirinta, ya rungumo shi kamar jariri har rumfar Inna. Kawu ƙanen Inna mahaifiyarmu ne, direba, yana jigilar hatsi da awaki tsakanin Mai'adua da Dutsi da sauran kasuwannin ƙauye. An gama yankan gero, dammuna na jingine a gindin rumbu, yayata Rakiya tana sussuka a tsakar gida. Ya dire batirin kusa da ƙaramin talabijin ɗinsa mai nuna fari da baƙi, ya zaro wani akwatin roba daga cikin buhu, ya ce tsarabar wani abokinsa ce daga Ikko. Ya haɗa wayoyi, ya hura bakin kaset, ya danna shi ciki. Sai ga wani ɗan guntun mutum ya fito a gilashi yana jiran a ce masa tafi. Inna ta leƙo daga madafa, ta yi salati, ta koma.

Kafin wannan rana, wasanninmu duk na ƙasa ne da kara. Muna ƙera mota da karan dawa mu yi mata taya da ɓawon kabewa, mu gara gare har bakin Kusugu, mu yi langa a filin makaranta sai an kaɗa ƙararrawa. Ƙwallonmu na tsumma ne. Abin da muka sani game da talabijin shi ne yana magana kai kana saurare. Ba mu taɓa jin wanda za ka ce wa mutumin cikinsa yi tsalle ya yi ba. Abin riƙewar nan mai maɓallai, da igiyarsa doguwa, nan take muka sa masa suna linzami, kuma har yau bakina bai koyi wani sunan ba.

Unguwarmu ba ta samu wutar lantarki ba a lokacin, saboda haka wasan ya dogara da motar Kawu. In tana kasuwa, babu wasa. In ta kwana gida, batirinta namu ne, amma da sharaɗi. Duk yinin da muka yi muna wasa, washegari motar ba ta tashi da makulli. Kawu ya kafa doka, kuma yakan maimaita ta kullum yana nuna mu da sifana: "Wanda ya riƙe linzami yau, gobe zai riƙe bayan mota." Haka kuwa ake yi. Da safe kafin mu wuce makaranta, yaran unguwa za su jeru da fararen riguna, mu tura a-kori-kura cikin rairayi, Kawu na ciki yana ihun a ƙara ƙarfi, har ta yi tari ta fesa mana hayaƙi. Malaminmu na lissafi yakan gane wanda ya yi wasa jiya daga baƙin man da ke gaban rigarsa.

Kaset ɗaya muke da shi, kuma rubutun da ke fitowa a ciki ba boko ba ne, ba ajami ba. Mun kai wa malamin allonmu kwafin wasu haruffa a bayan kwali, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce mu koma mu wanke allunanmu. Don haka ba mu san sunan ɗan guntun mutumin ba, ba mu san abin da ya fito nema ba. Yaya Rakiya ce ta cike mana wannan giɓi. Ita ba ta cika samun zama ba: in ba sussuka ba surfe, in ba surfe ba kai markaɗe. Sai ta jawo turminta saitin rumfa, tana daka tana leƙe, tana ba da labari. Sunansa Gajere, in ji ta. Ɓarayi ne suka kore saniyar uwarsa, shi ne ya bi sawu. Tsuntsayen da ke faɗo masa shamuwar ɓarayin ce. Ramukan nan tsofaffin rijiyoyi ne da aka bari ba murfi, kuma laifin mai unguwa ne. Kiɗan wasan ma ta sa masa baiti, tana rera shi daidai da saukar taɓarya. In wani ya jefa Gajere rami, sai ta tsaya da daka ta ce, "Kai dai ko akuya ba za a ba ka kiwo ba, balle neman saniya."

Abin da yaran yanzu ba za su gane ba shi ne wasan ba ya tuna kowa. Rai uku ake ba Gajere, in sun ƙare a koma farko. In Inna ta aike ka ɗebo ruwa, ko aka kira azahar, ko kaza ta bi ta kan waya, duk tafiyar da aka yi ta tashi a banza. Abin da ya rage kawai shi ne abin da ke kanmu da yatsunmu. Mukan raba rayukan tsakaninmu, mai riƙe da na ƙarshe kuwa idanun unguwa duka na kansa. Linzamin da ya gaji, Kawu ya kwance shi da wuƙa, ya yanko robar tsohon silifa ya cusa a ƙarƙashin maɓallin, ya ci gaba da aiki fiye da da.

Sau ɗaya tak muka kai ƙarshe. Bayan an kai amfanin gona gida ne, aiki ya yi sauƙi, Kawu na fama da mura bai fita kasuwa ba. Tun da hantsi muke tafe, muka wuce daji, muka wuce duwatsu, muka shiga wani gida mai duhu da ba mu taɓa gani ba. Ni ke riƙe da ran ƙarshe. Yaya ta bar turmi ta zo ta durƙusa a bayana, hannunta duk gari, tana dafe da kafaɗata. Na kayar da wani ƙaton abu mai ƙaho, sai ga wata baƙar ƙofa a gaban Gajere. Yaya ta ce, "Tana ciki! Wallahi ina jin kukanta!" A daidai nan hoton ya fara tsukewa. Ya janye daga sama, ya janye daga ƙasa, Gajere ya ƙara gajarta, kiɗan ya koma gurnani, har komai ya taru ya zama ɗigon haske ɗaya a tsakiyar gilashi, ya mutu. Batir ya ƙare. Washegari mun tura mota ba tare da ko waƙa ba. Ba mu sake kai wa wurin ba, domin kafin damina Kawu ya ara wa wani gida mai lantarki na'urar, wuta ta zo da ƙarfi, aka dawo mana da ita tana warin ƙonanniyar roba.

Daga nan rayuwa ta ɗauke ni. Karatu ya kai ni Zariya, aikin sayo injinan ban-ruwa ya kai ni Yamai da Jidda da Faransa da ƙasar Sin. Na koyi Faransanci, na gyara Larabcina, na iya cinikin kasuwa da Sinanci. Yaya Rakiya ta yi aure a Mai'adua, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Duk zuwan da na yi gida, bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "To Auta, ka zaga duniya, ka iya yaren kowa. An ga saniyar?" Mu yi dariya, a kawo fura.

A tafiye-tafiyen nan na ga yadda kowace ƙasa ke riƙe da tsofaffin wasanninta. A Faransa na shiga shagon da aka jera irin akwatin Kawu a cikin gilashi, da fitila a kansa, ba a yarda ka taɓa ba. A Jidda na ga yaran masu gidana da sabuwar na'ura mai hoto kamar ka kira mutumin ya amsa, amma ba ta tashi sai ta nemi izinin kamfaninta ta intanet, kuma in ka kwance murfinta ka yi laifi. A kasuwannin Sin kuwa na ga wasu ƙanana masu shiga aljihu, waɗanda aka ƙera da gangan a buɗe: kowa na iya shiga cikinsu ya sauya manhaja, ya sa wadda ke kwaikwayon tsofaffin na'urori, har wasan da akwatinsa ya ƙone tuntuni ya tashi ya yi tafiya. Na san masu kamfani na kukan ana kwasar guminsu, kuma a kan wasan da suke sayarwa yau ina ganin suna da gaskiya. Amma wasan da mai shi ya daina ƙerawa, ya daina gyarawa, ya manta da shi, in ba don masu kutsen nan ba da ya bi na'urar Kawu. Ni da na tashi na ga an yi wa linzami magani da robar silifa, abin da aka hana ni buɗewa ban taɓa jin nawa ba ne.

Bara ne 'yar Yaya Rakiya ta bugo mini waya ta ce idon uwarta na tafiya. Ba yana ba ce da za a kankare. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, gefe ya riga ya rufe, saura tsakiya. A tafiyata ta gaba na sayi ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin nan. Ban san sunan wasan ba, sai na dinga buɗe wasannin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin jiran jirgi, a mota, a layin asibiti. Kunnena ne ya gane shi kafin idona. Kiɗan na tashi na ji bakina yana rera baitin Yaya, wani Balarabe da ke kusa da ni ya matsa gefe. Har wasu bayin Allah da ban sani ba sun shiga cikin wasan sun mayar da rubutunsa Turanci.

Yatsuna sun tsufa, Gajere ya sha faɗawa rijiya. Sai dai na'urar tana da wata dabara da da can na raina: tana ajiye maka wasa a duk inda ka tsaya, ka dawo ka tarar da shi. Na sha faɗa wa 'ya'yana cewa wannan ragwanci ne, wasan da ba a tsoron mutuwa a cikinsa ba wasa ba ne. Da ita na lallaɓa har gidan nan mai duhu, na kayar da mai ƙaho, baƙar ƙofa ta tsaya a gabana. Ban buɗe ba. Na ajiye, na kashe, na sa a aljihun gaba, na taho da ƙofar har Mai'adua.

Na same ta a inuwar darbejiyar tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka shiga ɗaki, na haɗa na'urar da babban talabijin ɗin ɗanta, na jawo mata kujera har gaban gilashi. Da kiɗan ya tashi, sai ta saki gefen mayafinta ta ce, "La ilaha illallahu. Gajere, kana nan da ranka?" Na sa mata na'urar a hannu, na ɗora babban yatsanta a kan maɓalli. Ta danna. Ƙofar ta buɗe.

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Can ta ce, "Haske kawai nake gani, Auta. Faɗa mini."

Wani ɗan ɗaki ne babu komai a ciki, sai layin rubutu. Har na fara neman saniyar da zan ƙirƙira mata. Amma Yaya ba a yi mata ƙarya a kan labarinta. Na ce, "Ɗaki ne wayam, Yaya. An rubuta wai an gode da muka yi wasa, mu sake farawa."

"Ba saniya?"

"Babu."

"Ko igiya?"

"Ko igiya."

Ta jingina da kujera, ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce, "Amma Gajere sakarai ne, irinka. Saniya ai ta san hanyar gida. Tun tuni ta tsinke igiya ta koma wurin uwarsa, shi yana can yana yawon duniya. Juya shi ya tafi gida, an daɗe ana jiransa."

Ban ce mata wasan ba shi da hanyar komawa baya ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, muka sake shi daga farko, ina tafe tana rera baitinta, tana zagina duk sa'ad da ta ji kiɗan faɗawa rijiya.

Yau na'urar tana wurinta, jikokinta na yi, ita tana ba su labarin da kunne. Wasanni sun fi a ƙirga a cikinta, batirinta na wuni bai ce uffan ba, in ya ƙare a soka shi a bango. Babu mai raba rai uku da ɗan maƙwabta, babu mai zuwa makaranta da baƙin mai a gaban riga. Kawu Ilu ya rasu, Allah ya jiƙansa, a-kori-kurarsa ta daɗe da zama ƙarfen awo, inda rumfar Inna take an yi ɗakin siminti. Na dawo da kiɗan, na dawo da Gajere, na dawo har da ƙofar. Safiyar nan ce ban samu a kowace kasuwa ba, da muke jere a bayan mota cikin rairayi muna jiran Kawu ya ce a tura.