Kifin da Surukina Ya Kashe

Har yau idan na bi ta High Point Road na hango gidajen hayar da muka zauna, sai raina ya ɓaci saboda abin da aka yi wa surukina a bakin ruwa.

Mahaifin matata ne, masunci tun kakanni, daga bakin kogin Kwara. Mun kawo shi garin Greensboro, nan ƙasar Turawa inda muke zaune, a duba masa ido. Ido ya warke, amma zaman ɗaki ya kusa kashe shi. Daga tagar falo sai gado, kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa. Matata kullum addu'arta ya yarda ya zauna da mu, domin a gida babu mai kula da shi. Shi ya sa da wani Bature abokin aikina ya ce yana neman mutum biyu a kwalekwalensa don gasar kamun kifi, na ce an samu.

Kifin da ake nema suna ce masa sitiraifa, mai zane-zane a gefe. A shekarar masu gasar sun sauya tsari don su bi dokar tsawon kifi. Ba a kawo shi kan sikeli kuma, sai ka shimfiɗa shi a katakon awo, ka ɗauki hoto, ka mayar da shi ruwa da ransa. Na yi wa Baba bayani a mota, kaina a sunkuye, don ban taɓa doguwar magana da shi haka ba.

"Malam," in ji shi, "a yage wa dabba baki, a yi mata hoto, a jefar? Wannan ai wasa da rai ne."

Na ce, "Haka dokarsu take, Baba. Wai don manyan su hayayyafa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a nan kam suna da gaskiya.

Da muka hau ruwa sai na ga wani mutum daban. Ya gyara hula, yana dariya, har yana nuna wa Baturen inda za a karkata. Rana ta ɗaga kenan ya ja wani ƙato, tsawonsa ya kai hannuna. Kifin ya faɗo cikin kwalekwale yana haki yana bugun ƙasa. Kafin na buɗe baki, Baba ya ce bismillah, ya ɗauki katakon awon nan ya sauke masa a ka, bugu ɗaya. Haka ubansa ya koya masa, ba a barin kifi yana shan wahalar fitar rai. Ba taurin kai ba ne, hannu ne ya riga shi.

A bakin gaɓa aka fitar da mu daga gasar. Wannan ban ja ba, doka ce. Abin da ban yafe ba shi ne alƙalin gasar, wani jibgege mai jar fuska. Ya fizge kifin, ya sa yatsa har yana taɓa ƙirjin dattijon da ya isa ya haife shi, yana ihu a gaban jama'a wai irinmu ne ke ƙarar da kifin tafkinsu. Irinmu! Mutumin da ya kama kifi don hoto shi ke koya wa Baba darajar ruwa. Na zabura na yi kansa. Abokin aikina ne ya riƙe ni, da ban san inda za mu kwana ba.

Baba bai nemi fassara ba. Tsayawa ya yi, hannuwansa a baya, yana kallon ƙasa kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa.

Mun yi nisa a hanyar komawa kafin ya yi magana.

"Malam, kifin nan wa za a ba ya ci?"

Na so na yi masa ƙarya, amma kunyarsa ta hana ni. Na ce na ga sun jefa shi a kwandon shara.



"Kuma ni ne maɓarnacin," in ji shi. "Ka gaya wa matarka ta yi haƙuri. A nema mini jirgin gida."