Yadda aka laƙaba mini Sha-Dakashi

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato, ina facin taya a bakin kasuwar Gwandu. Aji biyar na bar firamare, don haka kada wani ya ɗauka likita ne ke magana. Har yau tsofaffin garinmu Sha-Dakashi suke ce mini, matasa kuma suna maimaitawa ba su san mafari ba. Na gaji da jin ƙaryar da ake ƙarawa, gara ku ji daga bakina.

Ɗanmu na fari bakwaini ne. A Kalgo aka haife shi, gidan iyayen matata. A lokacin ba a ba jariri nonon farko, wannan mai kauri ruwan ɗorawa da ake kira dakashi. Ungozoma kan tatsa a ludayi ta jefa tururuwa. In tururuwar ta fita, nono lafiya. In ta mutu, an ce mugu ne, sai a zubar a ba yaro madarar akuya. Da aka gwada na matata, tururuwa ta mutu. Aka ɗura wa yaron madara. Bai kai suna ba cikinsa ya kumbura kamar tulu, yana amai kore. Muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, can ya cika.

Wata likita ta tsare ni a baranda ta ce, "Me kuka ba shi?" Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce hanjin bakwaini bai gama ƙwari ba, madarar dabba ta fi ƙarfinsa. Dakashin nan da muke zubarwa shi ke shafe hanjin ya zama kariya daga cuta. Ta duba matata kuma ta ce tana da ciwon sanyi, wanda kan iya jawo haihuwa kafin lokaci, amma bai ɓata nono. Ta ce rai na Allah ne, sai dai in an sake, kada mu zubar. Na riƙe wannan magana kamar na haɗiye ƙusa.

Matata ta sha magani, amma ciki na biyu ma bai cika wata tara ba. Wani direba ya kawo mini saƙo ina cikin aiki: an haihu a Kalgo, mace, ƙarama ƙwarai. Na bar taya a buɗe na hau mota.

Kun san yadda suruki yake a gidan iyayen matarsa a ƙasarmu. Iyakarsa zaure, kai a sunkuye, ko lafiyar ɗiyar da aka haifa masa ba ya tambaya. Ina zaune a zauren sai na ji ana cewa a kamo akuya. Ban san sadda na miƙe ba. Na yi sallama sau ɗaya na kutsa har ƙofar ɗakin mai jego, mata na ta jan mayafi.

Surukata tana tsaye da ludayi, ungozoma na gefenta. Na leƙa, ga tururuwa ta mimmiƙe a cikin nonon.

"Subhanallahi! Mi ya kawo ka nan?" in ji surukata.

Na ce, "Inna, a yi mini gafara. Kada a ba ta madara. A ba ta na uwarta."

"Ba ka ga tururuwa ba? Sanyi ya ɓata nonon wagga yarinya. Dafi ne."

Na ce, "Inna, tururuwar nan ko a kunu aka jefa ta mutuwa za ta yi. Ba ta iya iyo ba ne."

Ungozoma ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yau mai faci zai koya mini biƙi da kula da mai jego. Ni na yanke cibiyar matar taka, ɗan nema."

"Na sani, Iya. Ke kuma kika ba na farin madara."

Ban ce ita ta kashe shi ba, ban kuma nufi haka ba, amma na ga maganar ta shige ta. Surukata ta ce in fita, ba za ta zuba ido a ba jikarta dafi ba don wata 'yar boko ta ruɗe ni. Gaskiya ita ma tsoro take ji, jika ɗaya ta riga ta binne. Ni kuma ba ni da ilimin da zan yi mata bayani. Abin da na iya shi na yi. Na karɓi ludayin daga hannunta, na tsame tururuwar da yatsa, na yi bisimilla na shanye.

Wata ta yi salati, wata ta fashe da dariya ta toshe baki. Na zauna a dokin ƙofa na ce, "In dafi ne, ga ni. In na faɗi ku kawo akuyar."

Ina nan zaune, gumi na zuba don kunya, sai na ji muryar matata daga bayan labule, ita da ba ta taɓa ɗaga murya gaban uwarta ba. Ta ce, "Inna, miƙo mini ita."

Yarinyar ba ta da ƙarfin kama nono. Na sa aka tafasa ƙaramin cokali da kofi, uwar tana tatsa tana ɗiga mata kaɗan-kaɗan. Da ta ɗan samu ƙarfi, muka kai ta asibiti aka duba. Kullum na zo, cikinta nake fara kallo. Bai kumbura ba.

Kafin in koma Gwandu labari ya riga ni. Abokina mai shayi yana hango ni ya ɗaga gwangwanin madara ya ce, "Sha-Dakashi, a sa maka wagga ko ka ƙoshi daga gida?" Wasu suka ce aurena ya mutu, wai matata ta zama uwata. Sai da na je gaban malaminmu. Ya ce shayarwar da ke haramta aure ta jariri ce, ba ta ƙato mai gemu ba, in tashi in ba shi wuri. Surukata kuwa ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai.

Yanzu ina ji a rediyo likitoci na ta bayanin binciken da ake yi kan hanjin bakwaini, ana roƙon mata kada su zubar da dakashi. Waɗanda suka yi mini dariya su ne ke gyaɗa kai a majalisa suna cewa ai dama an sani. Ko mutum ɗaya bai taɓa zuwa ya ce mini ashe kai ne da gaskiya ba. Na daina jira.

Yarinyar nan da tafin hannuna ya kusa rufe ta, yau 'ya'yanta uku. Da ta haifi na farin, surukata tana da rai, ta tsufa ƙwarai. Wata maƙwabciya ta kawo zancen tururuwa. Aka ce tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bar shi ya sha. Kakansa ya ɗanɗana mana tun tuni."

Ba ta taɓa faɗa a gabana ba har ta rasu. Amma tun daga ranar, duk wanda ya kira ni Sha-Dakashi, da ƙarfi nake amsawa.