Noeleen Treloar, Wadda Ta Koya wa Biri Naɗe Hannu

Kejin ƙarfe. Jarkar ruwa. Tsohon bargo mai warin biri. Inabi a roba, filas ɗin shayi, da burodi da cuku da ba ta taɓa ba tun safe. Abin da Noeleen Treloar ta ɗauko ke nan ranar da ta bar birnin Melbourne ta bi babbar hanyar Hume zuwa arewa, hayaƙin gobarar daji ya rufe duwatsu. A cikin kejin akwai Bogong, tsohon biri mai furfura a haɓa da tabon tiyata a tsakar ka. Ranar ce ta ƙarshe a aikinta. In tafiyar ta ɓaci, makon ne na ƙarshe a rayuwarsa.

Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana kula da birai a ɗakin bincikenmu. Takan riga kowa zuwa, ta wanke keji, ta auna nauyi, ta duba tabon kowane kai ko ya yi ruwa, ta yanka kayan marmari. Mutane sun ga hoton a jarida: biri a zaune, hannun ƙarfe yana kai masa abinci baki, ba abin da ke tuƙa hannun sai tunaninsa, ta wasu siraran wayoyi da aka dasa masa a ƙwaƙwalwa. An buga sunayen masana a ƙarƙashin hoton. Nata bai fito ba.

Aikin ba ya yiwuwa sai birin ya bar hannuwansa na jiki sun huta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure su. Noeleen ta ƙi. Takan zauna gaban Bogong da ƙwayar inabi a tafin hannu. In ya miƙo hannu ta dunƙule. In ya naɗe hannuwa a ƙirji ya kafa wa inabin ido, ta sa masa a baki. Haka suka yi wata da watanni, har ya zama da ya gan ta da abinci sai ya naɗe hannu ya jira. Daga baya hannun ƙarfe ya karɓi aikin kai abincin, ita kuma tana tsaye a gefensa kullum.

Ke ce mai haƙurin da aka gina binciken a kansa, Noeleen. Ke ce kuma kika riƙe kowane birin da aikinsa ya ƙare sa'ad da ake yi masa allurar barcin da ba a tashi, domin a duba yadda wayoyin suka zauna a ƙwaƙwalwarsa. Ba ki taɓa tura wani ba, kuma ba ki taɓa cewa abin ba komai ba ne.

Wani magini, Trent Mulcahy, wanda ya faɗo daga rufin gida jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, shi ne ya fara ɗaga kofin shayi da irin hannun a wurinmu. Rabin shayin a rigarsa ya ƙare. Matarsa ta yi kuka, shi kuwa ya yi ta dariya yana tambayar wa zai gode wa. Aka nemo Noeleen daga wurin wanki, takalman roba a ƙafa.

"Ni kwasar kashi nake yi, ɗan nan," ta ce masa. "Waɗanda suka cancanci godiyar suna ƙasa cikin keji, ba sa jin magana."

Da ritayarta ta matso, wayoyin kan Bogong sun riga sun daina aiki. Shugaban binciken, Dakta Stavros Lekkas, ya tare ta a ɗakin shayi.

"Uwar birai, me za mu saya miki? Agogo ko kujerar lilo?"

"Agogon ka riƙe, ko ka fara zuwa aiki a kan lokaci. Bogong nake so."

"Noeleen, kin san abin da ke cikin kan nan. Ba mu da wanda wayoyi suka daɗe a jikinsa kamarsa. Akwai masu jira irin Trent."

"Na sani. Na riƙe maka duk sauran, Stavros. Wannan ɗaya nake roƙo."

Ba mugu ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Daga baya shi da kansa ya kai maganar gaban kwamiti, aka yarda da sharaɗi guda: akwai wata gona bayan garin Wangaratta da ke karɓar tsofaffin birai, in ta karɓe shi ya tsira, in ta ƙi ya dawo a yi abin da aka saba.

Mai gonar, Dez Pickett, dogo ne mai tsohuwar malafa da ƙudaje suka mayar gida. Ya leƙa kejin.

"Wannan ne farfesan? Ai ya fi ni kyan gani."

"Kowa ma ya fi ka. Kama can mu sauke."

Suka saki Bogong a wani shinge mai inuwar itacen turare. Dez ya faɗi ƙa'idarsa tun kafin su huta: birai da yawa gare shi kuma ba mataimaki, ba ya karɓar dabbar da ba ta iya ci da kanta. Ya zuba inabi a faranti ya tura. Noeleen na tsaye a gefe. Bogong ya dube ta, ya dubi farantin, ya naɗe hannuwa a ƙirji ya kafa wa inabin ido. Goshinsa ya tattare. Da tunaninsa yake kiran hannun ƙarfen da ba ya nan.

"Me yake yi haka, addu'a?" in ji Dez. Da abin ya yi tsawo, dariyar ta bar fuskarsa. "Baiwar Allah, kun taɓa masa kai. Ba zan iya ba shi a baki kullum ba."

"A kejinsa yana ci da hannu."

"To a nan me ya hana shi?"

Ta kalli hannuwan nan biyu da ta yi wata da watanni tana koya musu zama. Ƙwayar inabi na tsakanin yatsunta, saura kaɗan ta miƙa masa. Ta mayar da ita cikin roba.

"Ni ce," ta ce. "In ina wurin, a bakin aiki yake."

Ta zagaya bayan rumbun ciyawa, inda ba zai gan ta ba, ta tsaya cikin rana. Ta ji ya kira ta da ƙaramin kukan da yake yi mata da safe. Ba ta motsa ba. Ya sake kira. Can sai muryar Dez ta taso.

"Kai, ɓarawo! A hankali mana, ba mai ƙwace maka!"

Mun gode, Noeleen. Waɗanda za su ɗaga kofi da hannun ƙarfe nan gaba ba za su san sunanki ba, shi ya sa muka rubuta shi. Masu shigowa wannan aiki kuma su dubi yadda kika yi shi: kin san abin da ake karɓa daga dabbar, kin tsaya kusa da ita har ƙarshe, ba ki kau da kai ba.

Dez ya same ta a jikin mota tana mayar da kejin da ba kowa a ciki.

"Zai zauna a nan," ya ce. "Zo ki yi masa sallama. Kuma duk Lahadi ƙofa a buɗe take, akwai shayi, ko da yake ba daɗi."

Ta dubi wajen shingen. Rumbun ya tare shi.

"Ka ajiye shayinka, Dez."

Ta shiga, ta ja ƙofar motar ta rufe, ta sauke gilashi kaɗan.

"Ba zan ƙara zuwa ba. Bar shi ya ci abincinsa."